Hedikwata a Gindin Tsamiya

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, ciyawa ta ci ƙarfin gonar Inna da ke hanyar Gatawa. Da gero ya fara ja, sai ta kira gayya. Ita kuwa gayya yini ɗaya ce. Abin da aka nome shi ne rabonka, ba mai barin tasa gonar ya dawo maka gobe.

Baffa, ƙanen mahaifinmu, ya ce shi zai ja ragama. Saja ne mai ritaya, kuma yawancin aikinsa a hedikwata ya yi shi, yana kai wa manyan hafsoshi takardu. Can ya kwaso aƙidar da ya ishe mu da ita: wai yaƙin zamani a kan teburi ake cin sa, wannan na tsara hanya, wancan abinci, wani na tattara labari, kwamanda ya sa hannu kawai.

Da hantsi ya shimfiɗa tabarma gindin tsamiya, ya ce nan ce hedikwata. Da yake ina koyarwa a Isa, ni aka ba zanen gona. Don girmamawa kuma ya zaɓo Sarkin Noma da ƙarfafa huɗu, waɗanda in sun kama kunya sai dai a hango ƙeyarsu, ya naɗa su hafsoshi, ya zaunar da su. Makaɗi ma ya tsare shi kusa, sai in za a ba da sanarwa.

Gaskiya mun sha inuwa, mun ci goro, har da gardama kan ko ta gabas ya kamata a faro. Kuma tsarin bai rasa amfani ba: ruwan sha bai yanke ba, hauyar da ta karye nan take aka sauya ta. Sai dai manoma, ba kiɗa ba abokin tsere, suna tafe kamar masu neman allura.

Da azahar Inna ta iso da fura. Ko sulusin gonar ba a nome ba. Akwai wasa tsakaninta da ƙanen miji, amma ranar ba da wasa ta zo ba.

"Saja, can wurinku waɗanda sunka fi iya harbi aka zamnarwa ofis?"

"A'a, Uwargida," in ji Baffa. "Masu kai aka zaɓe."

"To kai ka kwashe min masu hannu! Wagga takarda taku za ni dakawa bana?"

Kunya ta rufe ni. Sarkin Noma bai jira umarni ba, ya zabura, makaɗi ya bi shi, gona ta kaure da ihu. Ni ma na ajiye biro. Kafin la'asar sakaliya an share ta, saura wata kusurwa can bakin kwari.

Kwana uku a jere Baffa na zuwa kusurwar nan shi kaɗai, da ciwon bayansa. Ran na uku Inna ta ga tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, ta ce ya bari haka nan.

Bai ko ɗago ba. "Ni niɓ ɓata yinin, Uwargida. Kuma geron ɗan'uwana na, ba ni barin shi ga haki."