Lauyan da Ba a Kulle wa Ƙofa Ba

A gidanmu na High Point Road, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai wata 'yar hita mai jan waya da Kaka ke kira wutar Nasara. Ana idar da magariba, Mama ta tafi aikin asibiti, Baba yana can yana jan tasi, sai ni da ƙanena Sani mu zagaye hitar. Wata uku Kaka ta zo yi daga Damagaram, wankan jegon Sani, amma har ya shiga makaranta tana nan. Ba ta jin Turanci, ba ta tuƙi, iyakar tafiyarta daga ɗaki zuwa baranda. Ƙanwarta, Inna Zuwaira, takan aiko kaset tana tari tana tambaya, "Yaya, yaushe za ki dawo? Jikin nan fa ba zai jira ba." Kaka ta saurara, ta kashe rediyon, ta ce mu matso.

Akwai labari ɗaya da ta ishe mu da shi. Marigayi mijinta ya yi wa wani Bajamushe mai haƙar rijiyoyi direba, Bajamushen ne ya ba shi labarin nasa kakan kakan.

"Wannan ba gizo ba ne, ya faru," in ji ta. "Ku buɗe kunne."

Wai lauya ne a wani ƙaramin garin Jamus, mai tsaya wa manoma a kotu. Mutanen garin suka zaɓe shi ɗan majalisa, Kaka kan ce depite. Ya miƙe ya ce dole sarki ma ya bi doka, a kuma bar jaridu su faɗi gaskiya. Sarki ya turo sojoji suka watsa majalisar, shi kuwa aka kai shi wani kurkukun manya a kan dutse. Kwamandan wurin ya ce masa, "Ka ba ni kalmarka ba za ka sauka ba sai na ce, ni kuma ba zan sa kwaɗo ba." Lauyan ya ba shi, ya ɗauki alkawari. Ba a jima ba aka yi wa kwamandan canjin wurin aiki, ya tafi ya manta. Daga taga lauyan na hango rufin gidan da uwarsa ke jinya, ga ƙofa a buɗe, amma bai sauka ba har ta rasu. Daga baya an yi masa afuwa, ya sake cin zaɓe, ya tsufa a majalisa yana ja da wazirin sarki.

Labarin nan haushi yake ba ni, domin ni tun ina ƙarama ba ni da haƙuri.

"Kaka, ai wawa ne! Me ya hana shi ya fita kawai?"

"Kul, Hadiza. Kalmar ai ba ta hannunsa, tana hannun wanda ya karɓa."

"To ya rubuta masa leta mana, ya tuna masa!"

Sai ta zuba mini ido ta daɗe, har in tsargu. "In ya roƙa, ai ya karya ke nan. Sai dai wancan ya tuna da kansa."

Sani ya ce, "Boring," ta kai masa duka da mafici, muka fashe da dariya.

Inna Zuwaira ta rasu ina aji bakwai. Kaka ta bi ta bayan shekara biyu, aka binne ta a nan, gabas da gari. Ni duk zatona matsalar takardu ce ta riƙe ta, kamar sauran tsofaffin unguwarmu. Sai da na haifi 'yata ta fari, Mama na yi mini wanka, na yi zancen.

"Wace takarda?" in ji Mama. "Takardunta lafiya lau. Ke ce fa. Kina shekara biyar, ranar da ta ɗaure kayanta, kika kama zanenta kina birgima, kika ce sai ta rantse ba za ta tafi ba sai kin ce. Ta rantse da Allah. Babu irin roƙon da ba mu yi ba, har malami muka kawo ya ce ta yi kaffara ta tafi. Ta ce ba a yi wa yaro ƙarya, ta kuma hana mu faɗa miki."

Wallahi ban tuna ranar ba, har yau. Na yi kuka, sannan na yi fushi da Kaka, fushi na gaske, don taurin kai irin nata ban taɓa gani ba. Shekara da shekaru tana zaune gabana tana gaya mini a fakaice, ni kuwa ina zagin lauya. Yanzu nakan yi hattara da abin da nake sa mutane su ɗaukar mini, musamman masu sona, tun da su ne ba sa iya cewa a'a. 'Yata kan kama mayafin Mama in za ta koma gida, ta ce, "Kaka, promise," wato Mama ta yi mata alkawari. Nakan rufe wa yarinyar baki da hannuna tun kafin Mama ta amsa.