Azuminshi Uku

Shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki, ɗan ƙanena yana gidan yari yana jiran a harbe shi. Ni na raine shi. Uwarshi ta rasu yana goye, ubanshi ya kawo mani shi gidanmu na unguwar Gobarau ya tafi fatauci. Ban raine shi da wasa ba, ni ban iya lallashi ba. Tun da ya fara kai azumi har magariba na daina ce mashi yaro. In an aike shi ɗibar ruwa ya fara ƙunƙuni, sai in ce, "Kai ba yaro ba ne, kar in ƙara ji." Haka aka yi wa ƙannena, haka na yi mashi.

Allah ya ba shi jiki. Ya yi tsawo da wuri, ga faɗin kafaɗa. Da aka zo ɗaukar soja, wani maƙwabcinmu mai hanya ya kai shi, aka ƙara mashi shekaru da baki, aka rubuta. Ban sani ba sai da ya shigo da aski ƙwal, ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, an ɗauke ni." Na ce Allah ya tsare. Na ga aiki ne.

Wani azumin bai zagayo ba aka kwashe su zuwa yaƙin wata ƙasa can bakin teku. A can, yadda muka ji, aka riƙe masu albashi, abinci ya yanke. Wani saje ya tara su suka ce ba za su fita ba. Aka yi hatsaniya, hafsa ɗaya ya mutu. Kotun soja ta yanke wa dukansu kisa. A unguwa abin da ake faɗa shi ne, za a harbe sajen da yaranshi. Wannan maganar ta zauna mani a kai. Sajen da yaranshi.

Shekaru suka wuce, ba a harbe su ba, ba a sake su ba. Sai ga farar hula. Ƙanena, wanda a lokacin ya dawo gida da ciwon ƙafa, ya shigo da rana ya ce an kafa kwamiti na duba waɗanda soja suka tsare, kuma wata lauya ta ce ana son wadda ta raini ɗan nashi.

"Me zan ce masu?"

"Gaskiya kawai, Yaya. Abin da aka tambaye ki."

Iyakar abin da ya gaya mani ke nan. Daga baya ya rantse ya yi mani bayani. Bai yi ba.

Ofishin yana wajen Ƙofar Kaura. Maza uku a bayan tebur, na tsakiya tsohon alƙali ne mai tabarau, daga jin gaisuwarshi ɗan cikin gari ne. Lauyar tana gefe, ƙaramar mace, ba ta wuce in haife ta ba. Ta makara, ta shigo da haki, ba mu samu ko gaisawa sosai ba. Aka tambayi sunana, aka tambayi yadda ya zo hannuna. Sannan alƙalin ya ce, "Hajiya, lokacin da aka ɗauke shi soja, yaro ne?"

A raina na ce ga shi an zo wurin. So suke in ce da bakina yana cikin yaran sajen.

"Yaron wa?"

"Ba yaron wani ba. Yaro dai."

"Ba yaro ba ne."

Na ji ƙanena ya ja numfashi a bayana. Lauyar ta ajiye biro. Ta ce, "Hajiya, ki ɗan yi tunani."

"Na yi, ɗiyata. Ba yaron kowa ba ne, kuma ba yaro ba ne. Azuminshi uku kafin ya tafi, shekara uku a jere, bai taɓa karyawa ba. Wanda ya yi azumi uku ba a ce mashi yaro a gidanmu."

Na faɗa da ƙarfi, don in sun ɗauka sakarai na raina, su san ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin mazan har ya fara rubutu. Alƙalin ya ɗaga mashi hannu.

"Uku kika ce?"

"Uku."

"Na kaiwa magariba, ko har da na rabin yini?"

"Rabin yini azumi ne, Malam?"

Ya ɗan yi murmushi. Ya tambaya ko murya ta fashe lokacin da ya tafi. Na ce ta fara rawa, in ya yi sallama sai ka ce mutum biyu ne. Gemu fa? Na ce ko gashi ɗaya. Ya tambaya a gidanmu yaushe ake fara sa 'ya'ya kai azumi. Na ce in sun gama famfara, sun yi ƙwari, kusan sha biyu haka in ji masu ƙirga. Raina ya ɓaci, don ban ga abin da ya kawo haɓar ɗana cikin maganar rai da mutuwa ba. Shi kuwa ya juya ya yi wa sauran magana da Turanci, ya rubuta da hannunshi, ya ce na gama.

A waje ƙanena ya ce, "Yaya, kin kusa kashe shi."

"Ba kai ka ce in faɗi gaskiya ba?"

Lauyar ta same mu a gindin darbejiya. Ta ce doka ta hana a kashe wanda ya yi laifi bai kai sha takwas ba, a nan da sauran ƙasashe, haƙƙinshi ne. Shi ya sa ake son a tabbatar yaro ne.

"Ko ya balaga?"

"Ko ya balaga."

"Ko alhakin salla ya hau kanshi?"

"Ko da haka, Hajiya."

"To in yaro ne, me ya sa suka ba shi bindiga?"

Ta ce ai a takardarsu babba ne. Na ce to waɗanda suka auna ƙirjinshi ranar ɗaukar soja ba su dubi fuskarshi ba? Ta gyara gyale, ta ce tana da wasu a ciki suna jiranta.

Bayan damina labari ya zo. An janye kisa a kan dukansu. Manyan an yanka masu shekaru, a cire waɗanda suka riga suka yi. Shi da wasu biyu da aka tabbatar yara ne, an ce tun farko bai kamata a yanke masu komai ba, saboda haka ba a yanka masu shekaru ba. Za a ci gaba da tsare su har sai hukuma ta ga dama. Na sa ƙanena ya maimaita mani. Na ce wannan sassauci ne ko ƙari? Ya ce sassauci ne mana. Amma kafin shekara ta zagayo, wasu cikin manyan sun koma gidajensu, shi kuwa yana gidan yari.

Da na je duba shi, gandiroba ya leƙa ciki ya ce a kira yaron nan na Hajiya. Sai ga mutum da gemu cike da fuska, ya rame, yana tari. Ya durƙusa.

"Gwaggo, an ce kin ce ni ba yaro ba ne."

"Na faɗa."

Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. "Da sun yarda da ke, da na san ranar fitata."

"Da sun yarda da ni, da sun harbe ka."

"Ba a harbi kowa ba, Gwaggo."

Na miƙa mashi ƙuli-ƙulin da na kawo.

Na yi ta tambayar wace ce hukumar da ake jira ta ga dama, in je in gaishe ta. Na farar hula suka ce hukuncin soja ne. Na soja, in ji lauyar, suka ce yanzu ba su ke mulki ba. Ta yi ta kai da kawowa har ta yi aure ta haihu. A wata ƙaramar salla, cikin waɗanda aka yi wa afuwa, aka sako shi. Ba wanda ya gaya mana wa ya ga damar.

Ya zauna a ɗakin zaure. In an kira salla sai ya zo bakin ƙofata ya tsaya.

"Gwaggo, in fita?"

"Ƙofa a buɗe take."

Ba ya motsawa. Sai na ce, "Je ka," sannan ya tafi.