Ɗan kokowar da ya ƙi zama lamba

Shekara takwas na yi ina karanta labarai a gidan rediyo kafin in samu tallafin ƙaro karatu a Turai. Bincikena a kan abin da manyan gasanni suke bar wa mutane ne bayan taro ya watse. Abokan karatuna sun ɗauki gasar ƙwallon ƙafa. Ni na ɗauki gasar kokowa ta ƙasarmu, wadda ake ba zakara takobi. Malamar da ke duba aikina ta amince, na dawo garin Gure na wata uku domin hira da mutane.

Kafin in taso, kwamitin jami'a ya gindaya mini sharuɗɗa. Duk wanda zan yi amfani da maganarsa sai ya sa hannu a takarda. Ba za a rubuta sunan kowa ba, lamba za a ba shi. Wanda bai sa hannu ba kuwa, a goge muryarsa. Na amince ban tsaya tunani ba.

Wanda na fi buƙata wani tsoho ne mai garkar rogo da dabino a wani kwari kusa da garin Gidigir. Da ƙuruciya ya wakilci jiharmu ta Damagaram sau uku. Bai ɗauki takobi ba, amma ya taɓa kaiwa karon kusa da ƙarshe, kuma ranar nan kasuwar Gure ta tsaya cak, kowa na bakin rediyo. Yanzu gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Na same shi yana kwashe rairayin da ya gangaro daga tudu zuwa bakin rijiyarsa.

"Kai ne ɗan rediyon da ya gudu ƙasar sanyi?" in ji shi. "Ba sa ba ka abinci ne? Da wannan gwiwar ma zan kayar da kai."

"Baba, ban zo karawa ba."

"Ai na gani."

Kwana uku muna hira. Na yi yadda na saba a rediyo: na kunna na'ura tun daga gaisuwa, takarda na cikin jaka. Kowace safiya sai ya dafa sanda ya miƙe, ya yi kirarinsa, ya faɗi sunansa da na ubansa da na ƙauyensu, sannan ya zauna. Ya ba ni labarin tafiya a bayan kamiyo, babbar motar kaya, da manyan da suka riƙe hannunsa a gaban jama'a, da yadda ya je ofishinsu bayan gwiwar ta lalace aka ce ya dawo gobe, har ya daina zuwa. Babu littafin da na karanta a Turai da ya kai wannan hirar.

Rana ta uku na fito da takardar, na karanta masa da Hausa, ban rage komai ba.

"Sake karanta wurin nan," in ji shi.

"Ba za a ambaci sunanka ba. Za a kira ka mai amsa na bakwai."

"Na bakwai? Su wa ne shidan da ke gabana? Kawo su nan."

"Don a kare ka ne, Baba."

"Daga wa? Ni da na tsaya gaban jama'a da walki kaɗai na faɗi sunan ubana? Gwiwa ta tafi. Garkar nan rairayi na cinye ta. Sunan ne ya rage mini, ɗana, shi ma daga Turai za ka zo ka karɓe?"

Ya ce a sa sunansa, shi kuma ya dangwala yatsa ko sau goma ne. Na rubuta wa malamata. Ta nuna tausayi, ta kai maganar gaba. Amsa ta zo bayan mako biyar: tunda ya soki hukuma, ɓoye sunansa ya fi zama dole. Na koma kwarin sau biyu. Bai yi faɗa ba. Ya cika mini leda da dabino, ya koma kan rairayinsa.

A motar Damagaram na yi tunanin dangwala yatsana a madadin nasa. Ba wanda zai gane. Na kuma yi tunanin ɓoye muryar. Ban yi ko ɗaya ba. Da na koma jami'a na goge ta a gaban malamata, kamar yadda na yi alkawari. Na kammala karatun. A cikin kundina, daga mai amsa na shida sai na takwas.

Ya rasu da daminar da ta biyo baya. Bayan sadakar arba'in babbar 'yarsa ta kira ni a waya. Ta ce sun ji na ɗauki kirarinsa. Su ba su da ko hotonsa na lokacin kokowa, kuma jikokinsa suna so su ji muryarsa.

Na ce mata babu.

Ta ce, "To, malam, in ka duba ka gani, ka turo mana."