Ɗinkin da ke hammatar rigar Kaporal

Wallahi abin da zan faɗa muku da ni ya faru, ba ji na yi ba, kuma duk da shekarun da suka wuce ban taɓa faɗa wa mutanen gidanmu shi duka ba. Lokacin ina karatun tarihi a iniversite, na dawo Dakoro hutu bayan an gama yankan hatsi, ina bincike kan kayan tsoffin sojan zamanin Faransa, su riga kaki da jar hula da ɗamara da lambobin ƙirji. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma in ka ba ni tsohuwar riga sai in wuni ina duban maɓallanta da bakin ɗinkinta. Malaminmu kuwa ya ja mana kunne cewa irin kayan nan ba a wanke su, ba a gyara su, ba a warware ko zare ɗaya.

Wani mai sayen wake a kasuwa ya ce mini akwai tsohon soja da ransa a wani ƙauye bayan Korahane, Kaporal ake ce masa, da sunan muƙaminsa na soja. Na hau kabu-kabu da hantsi na tafi. Ɗiyarsa ce ta tarbe ni, Inna Hajo, ita ma dattijuwa ce da furfura. Ta shigar da ni ɗakinsa, na ga mutum kwance kan tabarma, ƙashi da fata, bayansa duk miki, ba ya ci sai a ɗiga masa kunu, ba ya magana, numfashi kawai ke fita da ƙara kamar ana jan buhu a ƙasa. Ta ce ya daɗe haka, har jikokin da aka haifa yana kwance sun fara zuwa gona.

Ta ɗauko rigar daga cikin adaka, kaki mai aljihu huɗu da maɓallan tagulla, ta ɗaga hannun rigar na hagu ta nuna mini wani ɗinki a hammata, na hannu, da baƙin zaren saƙa, da ɗan ƙulli a ciki kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ce ranar da aka ɗauke shi soja uwarsa ta yi ɗinkin, tana cewa muddin ɗinkin nan na nan ransa ba zai fita ba. Abokansa da yawa ba su dawo daga ƙetare ba, shi ya dawo ko ƙwarzane babu. Uwar ta rasu ba ta warware ba.

Na ce, Inna, rai ai na Allah ne.

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. To wa zai sa hannu? Ni? In warware in ce mi ranar gobe? Ƙannena sun ƙi, jikoki sun ƙi. Kai baƙo ne, ba jininmu ba. An ce kana son tsoffin riguna, ga ta na ba ka."

Na so in bar rigar, amma kunyar dattijuwar ta hana ni, kuma gaskiya ban taɓa ganin irinta da maɓallanta cikakku ba. Na naɗe ta na dawo Dakoro, na rataye a ɗakina, na ce wa kaina camfi ne kawai.

Washegari bayan azahar na sauko da ita zan auna, sai na ji ta da ɗumi. Na ce zafin kwanon rufi ne, na taɓa rigata da ke rataye kusa da ita, sanyi. Na juya bayanta, subhanallahi, a jiƙe yake da zufa, daidai wuraren da na ga mikin a jikin tsohon, ga warin ɗakin nan nasa. Na shimfiɗa ta a rana ta bushe, kafin la'asar ta sake jiƙewa. Kullum haka. Na daina karatu, na daina cin abin kirki, in na zauna sai in riƙa jin numfashin nan a kunnena, ina sane cewa can mutum na shan wuya ni kuma ina nan ina kiyaye zare.

Ranar wata Juma'a da aka sauko masallaci na ɗauki reza. Ban yi shawara da kowa ba, na yi bisimilla, na yanke zaren farko, sauran suka bi da kansu. Abin da ke ciki ɗan tsumma ne da ƙasa da gashi kaɗan, shi ke nan. Amma wallahi tallahi ina riƙe da rigar na ji ɗumin yana barinta, daga ƙirji zuwa hannuwa, har ta zama kamar kowane tsohon yadi. Ban tashi daga wurin ba salula ta yi ƙara, jikan Inna Hajo ne, ya ce Kaporal ya cika yanzun nan.

Na je gaisuwa. Babu wanda ya gode mini, babu wanda ya zarge ni. Inna Hajo ta ajiye mini ruwa ba ta dube ni ba. Ajalinsa ne ya zo daidai da rezata, ko mene ne, ni dai ban sani ba, na bar wa Allah.

Ana saura kaɗan in koma makaranta wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu da rana tsaka, ya ce daga wajen garin Mai Yara yake, riƙe da leda. Ya ce, "Malam, an ce kai ne mai warwarewa. Rigar kakanmu ce." Ya miƙo, bayan hannuna ya taɓa ledar, na ji ɗumi. Na ce ba ni ba ne, na shige gida na sa sakata, ina jin sa tsaye a waje har aka kira la'asar.

Daga nan na canza bincike. Ku da ke son tara kayan mutanen da, don Allah kafin ku karɓi riga ku tambaya ko mai ita yana da rai, in an ce yana nan, ku yi masa addu'a ku bar musu abinsu.