Takardar Bak da Dutsen Guga a Sabha

Ana kiran assalatu muka bar Damagaram, ni da 'yata ta fari. Uwarta na tsaye a bakin ƙofa tana maimaita mini abu guda, wai in kula da takardar. Na ce ta kwantar da hankalinta, mutumin da ya tsufa yana koyarwa a lakkol ba a koya masa riƙon takarda. Ku riƙe mini wannan maganar, za mu dawo kanta.

Ga abin da ya ɗaga mu. Yarinyar ta ci jarrabawar bak, wato ta gama sakandare, bana a makarantar Faransanci da Larabci, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai na haɗa magunguna. Albashina kuwa kun san shi, ba ya kai mutum jami'a. Mun nemi burs, wato tallafin karatu na gwamnati, sunanta bai fito ba. Ƙungiyar 'yan garinmu ɗalibi ɗaya take iya ɗauka a shekara, ta riga ta ɗauka. Wani Alhaji ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ba ni lemo mai sanyi, ya ce in dawo bayan Sallah, bai dai faɗi wace Sallah ba. Malamarta ta Larabci ce ta ce tunda Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, mu gwada can. Muka aika, Allah ya sa aka amsa: karatu kyauta, ɗakin kwana da abinci, amma sai ta bayyana a Sabha da takardar bak ɗinta ta asali kafin a rufe rajista.

Ana saura kwana biyu tafiya dabara ta zo mini. Takardar nan guda ce tak, ba a ba da ta biyu, ga zufa ga yashi a gabanmu. Na kai ta wurin mai hoto, ya sa ta cikin leda mai kauri ya bi ta da na'ura mai zafi, ta liƙe ƙam. Na ce ya haɗa da katin aikina na malanta. Na dawo gida ina ta nuna wa mutane, har ruwa na zuba mata a gaban uwar don ta ga aikin ilimi.

A Agadas mun kwana uku muna jiran babbar mota ta cika. Da ta cika ɗin ma ba ka ganin motar, sai buhuna da katifu da jarkokin ruwa da aka naɗe da tsumma suna reto ta ko'ina. Direba ya sa 'yata a gaba tare da wasu mata biyu 'yan kasuwa, ni kuma aka cilla ni sama, aka ba ni sanda a soke cikin kaya in riƙe kada gyangyaɗi ya jefar da ni. Kusa da ni wani magini ne ɗan Tawa da wani Bakano mai gyaran rediyo, suka yini suna gardamar wanda ƙasarsa ta fi iya shayi, alhali shayin da muke sha na yaron ƙasa ta uku ne, wani Batube ɗan Chadi. Abinci garin rogo ne da dabino da kifin gwangwani. A Dirku komai ya ninka kuɗinsa sau uku, har albasa sai an yi ciniki kamar za a sayi akuya. Duk inda muka tsaya sai na laluba ƙirjina na ji ledar nan, in ce alhamdu lillahi.

Bayan Gatrun muka hau kwalta, ƙasusuwana suka koma mazauninsu. Sabha gari ne shimfiɗaɗɗe, da tsohuwar ganuwa a kan tudu tana kallonsa. Taswirar Afirka kuwa ko'ina ka waiga tana jikin allo, har na nuna wa 'yata inda muka fito. Burodi ya fi komai araha, da ɗan canjin da ke hannunka sai a cika maka leda. A unguwar Jadid da safe na ga 'yan ƙasarmu jere a bakin titi, kowa ya ajiye kayan aikinsa a gabansa, mai shebur da mai burushin fenti, suna jiran motar da za ta tsaya. Hausa kuwa har a bakin masu kanti, irin ta "kai zo, kai saya, kaya mai kyau". Mun sauka a unguwar Gurda wurin ɗan wan matata, magini, matarsa ta tarbe mu da taliya mai jan miya da yaji irin tasu.

Ran Talata muka je ofishin ɗalibai baƙi. Jami'in dattijo ne mai furfura, ya sa aka kawo mana shayi mai kumfa da gyaɗa a ciki. Na zaro takardar na miƙa masa ina jiran yabo. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da farce, ya yi magana a hankali. Larabcina na sallah ne, sai na dubi 'yata.

Ta ce, "Baba, ya ce hatimi ba ya zama a kan leda. Dole a buga shi a bayan takardar, kuma sai ya shafa tambarin da ke gabanta da yatsa ya tabbatar ta asali ce. Ran Alhamis ake rufewa."

Mutumin bai yi mana wulaƙanci ba, har bakin ƙofa ya rako mu yana ba ni haƙuri. A hanya yarinyar har jakata ta karɓa ta riƙe mini. Wallahi da ta yi mini tsiwa da ya fi mini sauƙi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ga tsoro, don komawa Damagaram neman wata takarda zai ci wata guda, kuma babu tabbacin a samu. Da hannuna na rufe mata ƙofar da Allah ya buɗe.

Masu hoto biyu muka gwada, kowanne ya ce ba ruwansa, in aka ɓare rubutun zai bi ledar. Matar mai masaukinmu ce ta ce mu je unguwar Mahadiya wurin wani tsoho mai wanki da guga, mutumin Mirriya ta kusa da garinmu, wai ba ni ne farkon mai wannan dabarar ba. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, ashe muna da yawa.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai walda da mai gyaran taya. Ya karɓi takardar ya riƙe ta a juye, a nan na gane bai iya karatu ba. Ya kira ni yadda ake kiran malamin lakkol a gida, ya ce, "Mushe, leda iri-iri ce, kowace da zafin da take so. Ba na fara taɓa ta yarinya sai na gwada a kan irinta. Kana da wata da aka liƙe rana ɗaya?"

Katin aikina ne kawai. Na miƙa masa.

Ya yanke gefen da reza, ya shimfiɗa ɗanyen ƙyalle, ya ɗora dutsen guga na gawayi, don ya ce na lantarki ba ya jin magana. Ya ja ledar, sai ga rabin fuskata ta biyo ta, har da gashin baki ɓari guda. Ya rage gawayi ya gwada ɗaya gefen, sunana ya tafi. A kusurwa ta ƙarshe ledar ta saki lafiya lau. Ya gyaɗa kai ya ce yanzu ya san ta. Katin da na yi shekaru ina taƙama da shi ya koma bai fi abin kunna wuta ba, kuma ban ji zafinsa ko kaɗan ba.

Sannan ya yi bisimilla ya ɗauki ta 'yata. Daga bayan azahar har aka kira la'asar yana abu guda: ya ɗora dutsen, ya ɗaga, ya kara shi kusa da kuncinsa, ya ja ledar kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Wani Balarabe ya zo karɓar rigunansa, tsohon ya ce masa gobe, bai ko ɗaga kai ba. Da ya iso kan layin sunanta sai na fita waje. Ina tsaye ina kallon tartsatsin mai walda na ji ta ce, "Baba, zo ka gani."

Takardar ta fita. Kusurwa ɗaya ta ɗan yage, tawadar ta ɗan kwanta, amma kowane harafi yana nan, tambarin ma ana jin tudunsa. Na sa hannu a aljihu, tsohon ya riƙe mini hannu. Ya ce da ita, "'Yata, karanta mini abin da na yini ina gogewa." Ta karanta masa da Faransanci, ta fassara. Ya ce to madalla, in ta fara haɗa magani ta tuna da gwiwarsa ta hagu.

Ran Laraba da hantsi dattijon ofis ya shafa tambarin, ya juya takardar ya buga hatimi. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba. Ya ce mata marhaba, ya kira wata ma'aikaciya ta kai ta ɗakin kwanan 'yan mata, inda ta tarar da wata 'yar Chadi da wata 'yar Mali sun riga ta. Na yi mata nasihar da na tanada tun daga gida, muka yi sallama.

Dawowa ta fi zuwa tsawo, ko don ba wanda nake leƙawa a gaban mota in an tsaya. A wani shinge jandarma ya tambayi sana'ata, na nuna masa katin, ya dube shi ya dube ni, ya ce in wuce kawai.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na farko, duk mai ɗan da ke neman tallafin karatu ya buga kowace ƙofa, kada ya tsaya jiran guda. Na biyu, don Allah kada ku liƙe takardar asali, ku sa ta tsakanin kwali biyu ku tambayi wanda ya riga ku zuwa. Na uku, na tafi ina ganin gwamnatoci da manyan ofisoshi ne kaɗai ke kai yaro jami'a. Na gode musu, sun yi nasu. Amma wanda ya shigar da 'yata ko sunansa bai iya rubutawa ba, kuma ba na sallah ban sa shi a addu'a ba.

Na iso gida da yamma. Uwarta ta leƙa bayana duk da ta san ni kaɗai zan dawo, sannan ta tambayi takardar. Na ce tana hannun mai ita. Na zaro ledar da tsohon ya ɓare, don ban iya yar da ita ba, na ɗaga mata a hasken ƙofa. Inuwar sunan yarinyar na nan a jiki, dishi-dishi. Ta daɗe tana kallo, ba ta tuna mini maganar da na yi ran tafiya ba. Ta goge ledar da bakin zanenta, ta buɗe akwatinta ta sa ta a ƙarƙashin kayan Sallah.