Doya Ta Isa Legas Lafiya

Akwai abin da in ya same ka, shekaru sukan wanke shi. Akwai kuma wanda ko da soso da sabulu ba ya fita. Labarin kwantenar da muka aika Legas yana cikin na biyun. Ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi, kuma har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Ni malamar makaranta ce a Kafanchan, a lokacin kuma ni ce sakatariyar wata ƙungiya ta masu noman citta da kiwon zuma. Yawancinmu mata ne, Kirista da Musulmi, daga cikin gari har ƙauyukan wajen Fadan Kagoma. Shekara da shekaru dillalai ke zuwa su kwashe wahalarmu yadda suka ga dama, mu bi su da godiya. Sai Allah ya haɗa mu da wani kamfani a Legas mai fitar da kaya ƙasashen waje. Sharaɗinsu ɗaya ne: mu aika kwantena guda ta gwaji, garin citta da zuma a kwalba. In kaya suka isa da tsabta, za su riƙa saye a hannunmu duk shekara. In ba haka ba, su koma wurin mutanen Kachia da suka saba da su.

Kafin a turo motar, kamfanin ya kira ni Legas na ga yadda ake loda. Abin da na fahimta shi ne, kwantena ba ta son sarari. Kaya a cikinta kamar fasinja ne a bayan a-kori-kura: direba na taka birki, duk wanda bai kama ƙarfe ba sai ya faɗa kan na gabansa. Sun ba mu manyan akwatunan roba masu murfi, waɗanda gindin na sama ke zama daram a cikin murfin na ƙasa. Muka jera na zuma a ƙasa domin su ne masu nauyi, na citta a samansu. Duk inda aka sami ɗan gibi tsakanin akwati da bango, muka cusa buhun ƙaiƙayi. To, kayanmu ba su cika kwantenar ba, sun bar fili wajen ƙofa kamar girman ɗan kicin. Nan ne hatsarin yake. Na kira kafinta ya gitta katakai masu kauri daga bango zuwa bango, ya yi wa kayan katanga, sannan muka ja bel ɗin ɗaure kaya muka ɗaure tamau. Ni da kaina na bi katakan da jan alli na makaranta ina sa musu alama, don a san na sama da na ƙasa. Da muka gama na sa kafaɗa na tura, ko gezau.

A wajenmu mota ba ta tashi da irin wannan kaya sai an yi addu'a. An shirya fasto da liman za su zo da hantsi washegari, ni kuwa ina da jarrabawa a makaranta. Shugaban ƙungiyarmu, wani dattijo da kowa ke kira Baba, ya miƙo hannu.

“Malama, bar mani makulli. Ba za a yi addu'a a kan ƙofa a rufe ba.”

Na ce, “Baba, don Allah kada kowa ya taɓa katakon nan. Shi ke riƙe da komai.”

Ya yi dariya. “Haba ɗiyata, ni yaro ne?”

Mutumin da ya girmi mahaifina, kuma shi ne shugaba, wa zai hana shi makulli? Na ba shi na tafi aikina. Da na taso aka ce mota ta kama hanya lafiya, an yi addu'a mai kyau. Kashegari na hau bas na bi bayanta, har na riga ta isa.

Ranar da tirela ta shigo harabar siton kamfanin, na ci kwalliya kamar mai zuwa ɗaukar hoto. Manajar siton, wata mata mai fara'a, tana tsaye kusa da ni muna hira. Abin da na fara lura da shi, direba ya ƙi haɗa ido da ni. Na biyu, ƙudan zuma na ta shawagi a bayan motar. Da na matsa sai na ga wani abu mai kauri yana ɗiga daga ƙarƙashin ƙofar kwantenar, rabi ruwan zuma, rabi ja. Ni dai na san ban loda komai ja ba.

Leburorin sito sun san aikinsu. Da suka ga ƙofa ta kumburo waje, sai suka ɗaure ta da sarƙa kafin su zare sakata, suka ce kowa ya ja baya. Ba don haka ba, da ranar an yi gawa. Ƙofa na buɗewa kaɗan, abin da ya fara faɗowa doya ce. Doya! Ta gangaro har gaban takalmin manaja. Wata ta biyo ta, wata ta biyo, kowace da sunan mai ita an rubuta da gawayi. Sai ga buhunan acca, ga wake, ga galan na manja ya fashe, ga turmi sabo fil, har da taɓaryarsa. Katangata babu ita, babu alamarta. Bel yana lilo, an ƙulla shi kamar igiyar shanya. Layukan akwatuna sun kwanta kan juna, murafe sun ɓalle, kwalabe sun tarwatse. Garin cittar da mata suka kwana biyu suna tankaɗewa ya kwaɓe da zuma da manja da ɓaraguzan gilashi.

Manaja ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cikin Turanci ta ce abinci ne wannan, kuma abincin da gilashi ya shiga ba za ta tura wa kowa ba, ko da a ce rabin akwatunan sun tsira. Ta dube ni ta ce, “Amma ke ce kika zo nan muka nuna wa komai.” Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Na juya kan direba. Ya ɗaga hannu biyu.

“Malama, wallahi na faɗa masu. Ana gama addu'a mutane suka ga fili a baya, kowa ya ruga gida ya kawo saƙo. Da wurin ya cika, na Baba bai shiga ba, sai ya ce a cire katako. Suka ɗaga layin ƙarshe suka ɗora sama, har da na zuma. Na ce kaya zai motsa, ya ce doya ma zai tokare. Shi ne ciyaman, ni me zan ce?”

Doya za ta tokare! Doyar da ko a tire ka ɗora ta sai ta mirgina. Daga hawa da gangaren Kwoi har ramukan hanyar Lokoja, kayan nan suna ta kai da komo a ciki ba mai riƙe su.

Wanda bai san mu ba zai ce wace irin wauta ce wannan. A wajenmu mota mai zuwa Legas ba ta tafiya haka nan. Kusan kowane gida yana da ɗa ko ɗiya a can, kuma in ka ga mota da fili ka ƙi ɗaukar wa maƙwabci saƙo, ka zama mugu har jikokinka. Ni ma na ci doyar saƙo lokacin da nake karatu, ban raina al'adar ba. Amma a bas ake yi, ko a motar dabbobi, ba a cikin abin da mata fiye da na iya ƙirgawa suka zuba wa gumin shekara guda ba.

Ina tsaye a wurin, sai ga masu karɓar saƙo sun fara isowa, domin an riga an buga musu waya daga gida. Ɗiyar Baba ce a gaba, da ɗan Keke Napep ɗinta. Ta tsallake kwalaben da suka fashe, ta ɗaga doya ɗaya da yatsu biyu, ta yamutsa fuska.

“Kai, Anti, duk ya yi danƙo! Haka ku ke lodin kaya a gida?”

Allah ya sani, ban taɓa kusa da marin ɗiyar wani ba kamar ranar. Na haɗiye fushina. Suka wanke doyarsu a famfon sito suka tafi. Ko ɗaya ba ta fashe ba.

Da na dawo aka kira taro a ƙofar gidan Baba. Ya sa aka fito da sabon benci, aka ce sakatariya ta zauna. Ya yi gyaran murya ya fara jawabi: hatsari ne, hanya ba kyau, gwamnati ta ƙi gyara titi, haka Ubangiji ya nufa, sai mu yi haƙuri. Har ya ƙara da cewa wataƙila ɗaurin ma bai yi ƙarfi ba tun farko. Ina sauraro na sunkuyar da kai don kada a ga idona, sai na ga jan alli a gefen bencin. Rubutuna ne. A kan katangata nake zaune.

Na miƙe. Na ce, “Baba, da girmanka, amma kada ka ɗora wa Ubangiji. Ubangiji bai zare ƙusa ba. Ga katakon da na ce kada a taɓa, ga hannuna a jikinsa. Ka yi kyauta da abin da ba naka ba, an gode maka, mu kuma an kore mu.”

Waɗanda suka aika saƙo, kuma suna da yawa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Wasu suka fara cewa Malama ta yi rashin kunya, ba a yi wa babba haka a gaban jama'a. Sai wata tsohuwa daga ƙauye, wadda har yanzu hannunta ke da kumburin harbin zuma, ta yi magana a hankali.

“Ni ba ni da kowa a Legas. Zuma na kawai na aika.”

Kamfanin bai sake neman mu ba. Da kaka ta zagayo, dillalan nan suka dawo da murmushinsu, tsohuwar nan ta sayar musu yadda suka ga dama.

Abin da na koya shi ne, alherin da aka yi da kayan wani ba alheri ba ne, kuma kunyar cewa a'a tana iya cinye abincin wanda bai ji ba bai gani ba. Wani filin ba banza yake ba, da dalili aka bar shi. Yau ko buhu ɗaya na ɗaure a mota, ina tsaye za a yi addu'a, ina tsaye za a rufe ƙofa, makulli kuma a jakata. Wanda ya ce ni muguwa ce, na yarda. Bencin yana nan a ƙofar gidan Baba, ruwan sama ya wanke allin, amma ban sake zama a kansa ba.