Lauya 'Yar Kurma

A layinsu ba mai ce mata lauya sai baƙo. Aku ake kiranta tun tana ƙarama, kuma sunan ya bi ta har ƙofar kotu. Mahaifinta kafinta ne, kurma tun haihuwa, da hannu yake aiki da hannu yake magana. Ita ce bakinsa. Tun kanta bai kai tsayin teburin aikinsa ba take tsayawa tsakaninsa da masu sayen kujeru, shi yana juya yatsu, ita tana zuba zance. Kuma ba ta taɓa faɗin abin da ya ce yadda yake ba, sai ta ƙara gishiri. In ya ce kujerar tana da ƙwari, sai ta ce har jikokin mai saye za su gaje ta. Mahaifiyarta takan ce, "Ke dai maganar ubanki aka tara aka ba ki, har da ƙari."

Tana ajin ƙarshe a sakandare aka zo aka kama shi, wai an ga katakon sata a shagonsa. Ta bi su da gudu har ofishin 'yan sanda, ta tarar da shi a kan benci an sa masa ankwa ta baya. Ɗan sanda yana jefo tambaya, ita tana mayar wa mahaifinta da hannu, shi kuma sai motsa kafaɗu yake, gumi na tsiyaya. Ta roƙa a kwance shi, aka ce ƙa'ida ce. Ɗan sandan ya sunkuya ya rubuta cewa wanda ake zargi ya ƙi ba da amsa. Ya ƙi! Mutumin da aka ɗaure wa harshe a bayansa. Sai da ya sha zaman tsare kafin mai sayar da katakon ya zo da kansa ya wanke shi.

Ba wanda ya yi mamaki da ta ce lauya za ta zama. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai gyaran waya, da fanka mai ƙara da kujeru uku aikin babanta, waɗanda suka fi komai na ɗakin kyau. Kurame ne suka fi cika shi, domin labari ya bazu a cikinsu cewa akwai lauyar da ke jin maganarsu. Mai gyaran waya yakan ce bai taɓa maƙwabtaka da masu shiru irinsu ba. Bai san rigimar da ake tafkawa a samansa ba.

Da gwamnati ta tashi gyara dokar kamu da tsare mutane, ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin jama'a ta zauna tsara shawarwarinta. Aku ta cusa kanta ciki da sashe ɗaya tak: duk kurman da za a yi wa tambayoyi, a kwance masa hannu, a kawo masa tafinta. Shugabansu, dattijon lauya mai kirki wanda faɗa da hukuma ya gajiyar, ya ja ta gefe.

"'Yata, mu samu babban tukuna, a daina tsare mutum ba a kai shi kotu ba. Naki za su ce barazana ce ga tsaro, su yi watsi da shi, su haɗa da namu."

"Yallaɓai, wanda aka tsare in yana da baki ai zai yi ihu. Nawa ko ihun ba su da shi."

Ya ce, "To, ki kawo shaida. In sashen bai karɓu ba, na cire shi."

Shaidar da ta kawo babanta ne. Ta tsara masa jawabi, ta yi ta bita da shi a shago cikin ƙurar katako, yana gyaɗa kai irin gyaɗawar da yake yi wa mai saye in ba zai bi shawararsa ba.

Ranar sauraron ra'ayin jama'a, wakilin 'yan sanda ya rigaye su. Ya ce sakin hannun wanda ake zargi kasada ce, kuma 'yan kwamitin majalisa suka yi ta gyaɗa kai. Aka kira tsoho, ya fito da furfurarsa da rigarsa mai guga. Ya faɗi sana'arsa, ta fassara. Ya faɗi yadda aka kama shi, ta fassara. Sai kawai ya mayar da hannuwansa baya ya haɗe su, ya tsaya. Wannan ba ya cikin jawabin. Kafaɗunsa suna motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa a kan shugaban kwamitin.

Shugaban ya gyara tabarau. "Lauya, ci gaba mana. Me yake cewa?"

"Ranka ya daɗe, magana yake yi." Aku ta nuna babanta. "Ni 'yarsa ce, amma a haka ba na jin sa."

Ba ta taɓa alfahari da kowa kamar yadda ta yi da shi a lokacin ba, tsohon nan mai taurin kai da ya watsar da jawabinta. Batun tafinta dai an rage masa ƙarfi, aka ce "inda hali ya yi", kuma har yau tana faɗa a kan wannan. Amma na hannu ya wuce yadda ta rubuta shi, ba a taɓa ko harafi ba.

Bayan an sa wa dokar hannu, wata safiya aka kira ta ofishin 'yan sanda, an kama wata kurma mai sayar da kayan miya kan rikicin rumfa. Aku ta shiga da shirin faɗa, sai ta tarar an riga an kwance matar. Hannuwanta sai tashi suke a iska, kamar mai korar ƙuda.

Ɗan sandan da ke bakin aiki ya ce, "Yauwa, lauya. Tun ɗazu take yi. Me take cewa?"

Aku ta kalli matar da kyau, ta ja kujera ta zauna.

"Zaginka take yi, ofisa. In ta gama za ta faɗi wanda ya fara ture mata tire. Ɗauki biro."